Abin da Ma'aunin Matsi Ba Ya Faɗa wa Matuƙin Jirgi

A yawancin jiragen saman fasinja, man haidirolik da ke tafiyar da birki da ƙafafun sauka da sassan fukafukai masu motsi yana aiki ne da matsin psi 3,000 (psi shi ne awon ƙarfin matsi, wato fam nawa ne ke danna kowane inci murabba'i), yayin da Airbus A380 da Boeing 787 suka ɗaga nasu zuwa psi 5,000 domin a yi amfani da siraran bututu a rage nauyi. A tsofaffin jirage, bututun man ne ake jawowa har bayan ma'aunin da ke gaban matuƙi, inda wani lanƙwasasshen bututun ƙarfe, irin wanda Eugène Bourdon na Faransa ya ƙirƙira a 1849, yakan ɗan miƙe idan matsi ya ƙaru, ya juya allura. Yanzu kuwa ana ɗaura wata ƙaramar na'ura a jikin layin, ta mayar da matsin saƙon lantarki zuwa allon matuƙi, don haka man ba ya kusantar ɗakin tuƙi.

Sai dai a ganina kuskure ne mutum ya ga lambar 3,000 ya saki jiki. Famfon jirgi an ƙera shi ne ya riƙe matsi a wuri ɗaya, saboda haka idan bututu yana yoyo a hankali, lambar ba za ta gusa ba har sai tankin ya kusa ƙafewa. Idan kuma yoyon na ciki ne, inda mai ke sulalewa ta gefen robar da ta lalace ya koma tanki, ba za a ga ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba, zafin man ne zai tona asiri. Shi ya sa injiniyan kirki ke karanta matsi tare da yawan mai da zafinsa.

Tulun ajiyar matsi, wato tulun da ke riƙe mai a matse da taimakon iska don lokacin buƙata, shi ma yana da nasa tarko, domin iskar naitirojin da ke cikinsa ba a auna ta daidai sai an sauke matsin man gaba ɗaya, in ba haka ba matsin layin man kawai ma'aunin zai nuna.

A jirgin A320, da zarar bambancin matsi tsakanin layin kore da na rawaya, wato biyu daga cikin layukan man jirgin da ake kira da sunan launi, ya wuce psi 500, wata na'ura takan tashi da kanta ta tallafa wa mai raunin ba tare da man layukan biyu ya gauraya ba, kuma ita ce ke yin ƙarar nan mai kama da haushin kare da fasinjoji kan ji daga ƙarƙashin kujerunsu lokacin da ake tayar da injuna.