Firintar da nake buga hoto a kan yadi da ita

Masu ɗinka bargon haɗe-haɗen ƙyallaye kan tambaye ni wace firinta za su saya don buga hotunan iyali a kan yadi. Amsata ɗaya ce: duba tawada tukuna, sunan kamfani ya biyo baya.

Tawadar firinta mai fesawa iri biyu ce. Akwai ta rini, wadda ke narkewa a ruwa. Launinta na ɗaukar ido, amma wankin farko sai fuskar kakarki ta zuba. Akwai kuma ta figimen, ƙananan ƙwayoyin launi da ke manne wa zare, masu jure ruwa da rana. Irinta ce DURABrite ta Epson, kuma da ita nake aiki. A kula, firintoci da yawa baƙar tawadarsu kaɗai ce figimen, sauran launukan rini ne. Wadda ta riga ta sayi mai rini sai ta jiƙa yadin a Bubble Jet Set 2000, wani ruwan magani da ke sa tawada ta kama yadi, kafin bugawa.

Na fi son mai karɓar takarda ta baya, don yadi ba ya son lanƙwasa a cikin na'ura.

Auduga zalla fara nake sa, in wanke sitacinta, in manna ta da guga a ɓangare mai santsi na takardar firiza (takardar naɗe abincin da za a sa a firiza) don ta yi ƙarfin shiga firinta, in yanke daidai A4. Zaren da ya fito a gefe kuwa almakashi, in ba haka ba ya shafa miki tawada a tsakiyar hoto. Bayan bugu ina barinsa awa 24 ya bushe, sannan in ɗauraye da ruwan sanyi.