Hawan Babur Mai Ƙafa Huɗu a Bayan Dutsen Kufena

A ƙarshen watan Satumba, lokacin da ruwan sama ya fara ja da baya amma ƙasa ba ta gama shanye shi ba, yayana ya kira ni in raka shi gonarsa da ke can bayan Dutsen Kufena. Tun bara ya sayi babur mai ƙafa huɗu, na hannu, domin motarsa takan daina kai shi gona da zarar an shiga Agusta, watan da ruwa ya fi yawa a ƙasar Zazzau. A wannan karon ya aro na biyu a wurin wani abokinsa, saboda ya ƙi yarda ya goya ni. Da na nuna masa tsawon kujerar, na ce ai za ta ɗauke mu mu biyu, sai ya ce ba don fasinja aka tsawaita ta ba, an yi ta ne domin matuƙi ya riƙa matsawa gaba idan zai hau tudu, ya kuma ja baya idan zai gangara.

A bayan a-kori-kura muka ɗora baburan, muka bi ta Wusasa har inda kwalta ta ƙare, domin irin wannan babur ba na titi ba ne. Tayoyinsa masu faɗi ne, masu manyan haƙora, kuma iskar da ake saka musu kaɗan ce ƙwarai. Inda mai faci zai ba tayar mota sama da 30 a ma'auninsa, waɗannan ba sa wuce 5, don su riƙa lanƙwasa suna kama ƙasa. Ƙafafun baya na namu a kan sanda guda suke, suna juyawa tare, shi ya sa babur ɗin yake gardama a kwana idan ƙasar tana da tauri. Totur ɗinsa ma ba a murɗa shi kamar na acaɓa, da babban yatsa ake danna shi. Kafin mu tashi yayana ya miƙa mini hular kwano, ya gaya mini cewa da ƙafa uku kamfanin Honda ya fara fito da irin wannan babur a 1970, Suzuki kuma ya kawo mai ƙafa huɗu a 1982, sannan a 1988 aka daina sayar da sababbin masu ƙafa ukun a Amurka saboda yawan kifewar da suke yi da mutane. Ya ce ƙarin ƙafa ɗaya ya rage haɗarin, amma bai kawar da shi ba.

Farkon hanyar jar marmara ce, mai tauri, ga masara ta bushe a tsaye dama da hagu, dawa kuma ta fara fitar da kai. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin wannan yankin matuƙa. Babur ɗin yana tsallake ramukan da za su sa mai mota ya tsaya ya yi tunani, inuwar ɗorawa da kaɗanya tana wucewa a kaina, dutsen kuma yana ƙara nisa a bayanmu. Amma bayan mun wuce wata kwalbati da ta rufta, wadda ciyawa ta riga ta tsiro a cikin tsagarta, sai hanyar ta sauya kama. Ruwa ya bi sawun motocin da suka wuce tun farkon damina ya ƙwaƙule shi, har ya zama ƙwazazzabai biyu masu tafiya kafaɗa da kafaɗa, da ɗan tudu siriri a tsakaninsu wanda masu ƙafa da masu keke suke bi.

A nan ne na kusa jin ciwo. Ƙafafun hagu suka zame cikin ramin, na dama suka ɗaga sama, ni kuma da sabon hawan babur mai ƙafa biyu sai na sauke ƙafata zan dogara ƙasa. Yayana ya daka mini tsawa daga baya: "Mayar da ƙafarka! Kwanta ta wajen tudu!" Na janye ta da sauri, na jefa nauyina zuwa dama, babur ɗin ya dawo ya zauna. Da na duba, sai na ga tayar baya ta bi ta daidai wurin da takalmina ya taɓa, ta bar zanen haƙoranta a kan sawuna. Abin da ya haura kilo 200, da ya hau ƙwauri a wurin da babu motar da za ta iya shigowa ta ɗauki mutum, sai dai Allah ya kiyaye.

Gaba kaɗan hanyar ta gangara fadama, inda baƙar laka ta maye gurbin marmara. Na shiga da ƙarfi, ina zaton gudu ne zai fitar da ni, sai tayoyin suka yi ta juyawa wuri ɗaya suna watsa taɓo, har cikin babur ɗin ya zauna a ƙasa. Wasu matasa uku da ke aiki a gonar rake suka ajiye fartanyoyinsu suka zo, suka yanko rassa suka cusa a ƙarƙashin tayoyin, suka tura har ya fita, kuma suka ƙi karɓar abin da na miƙa musu. Wani dattijo da ke zaune a gindin mangwaro yana kallonmu ya yafito ni. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, sannu da hutawa." Ya amsa da sakin fuska, sannan ya nuna mini ramin da na haƙa da tayoyina, ya ce, "Ɗana, kai yau ka zo, yau za ka koma. Wannan ramin kuwa idan ya bushe haka zai daskare, kuma ta nan yaranmu za su bi da buhunan masara a bayan babur har ƙarshen kaka."

Maganar ta shige ni, domin ban taɓa kallon abin ta wannan fuska ba. Ya ba ni labarin cewa a tsakiyar damina, idan naƙuda ta zo wa mace da gardama, a amalanke ake fitar da ita zuwa bakin kwalta, kuma 'yan kasuwar da ke shigowa sayen amfanin gona sukan karya farashi da hujjar wahalar hanya. Ya ce rabon da su ga motar gyaran hanya har ya manta shekarar. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, gyaran da wurin yake nema ba na kwalta ba ne. Da za a haƙa magudanar ruwa a gefe biyu, a ɗaga tsakiyar hanyar yadda ruwa zai gangare maimakon ya kwanta, a sake gina kwalbatin nan guda ɗaya, da an rage mafi yawan wahalar. Irin waɗannan hanyoyi na karkara haƙƙin ƙananan hukumomi ne su kula da su, amma a aikace aikin gayya ne kaɗai yake riƙe da wannan, kuma duk abin da mutanen suka cike da hannu, taya mai haƙora tana iya tone shi cikin minti biyu idan ƙasa tana da danshi.

A dawowa a ƙaramar giya muka taho, muna bin gefen da dattijon ya nuna mana, inda ƙasar ta fi tauri, muna tsayawa idan mun haɗu da shanu ko mata masu kaya a ka. Da muka iso fadamar yayana ya sauka ya yi magana da shi a kan ranar gayya, suka tsayar da Asabar ta biyu bayan ɗaukewar ruwa. Yayana zai ɗaura wa baburinsa 'yar tirela ya riƙa jigilar marmara daga tudu zuwa fadama, matasan za su zo da diga da kwandunansu, ni kuma na ɗauki alkawarin shebur biyu da buhunan da za a cika da yashi a jera a bakin kwalbatin.