Zanen Abin da Aka Tono Daga Ƙasa

Duk wanda ya leƙo ɗan ofishinmu a Jos tambayarsa ɗaya ce: "Malam, ga kyamara a waya, me ya kai ka zana tsingaro da hannu?" Nakan miƙa masa tsohon kwanson harsashi da ya yi kore shar saboda daɗewa a ƙasa, in ce ya ɗauki hotonsa. Hoton kan fito kamar guntun kara. Rubutun da ke gindin kwanson kuwa, wanda ke nuna masana'antar da ta ƙera shi, sai ka yi ta juya shi a haske kafin ya bayyana.

Mu uku ne, ni da yara biyu da nake koya wa aiki. Masu kawo mana aiki malaman jami'a ne da ɗalibansu. Ni kuwa a gidan tarihin Jos hannuna ya faɗa, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952. Tun ina saurayi nake zuwa in zauna gaban gumakan Nok, irin waɗanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928, ina kwaikwayon idanunsu da fensir.

Sana'ar tana da ƙa'ida. In tukunya ce, a raba zanen biyu: hagu ya nuna cikinta da kaurinta, dama ya nuna bayanta. Haske kullum daga sama ta hagu yake zuwa, inuwa kuma da ɗigo-ɗigo ake yin ta. Guntun baki kaɗai ya isa mu gane faɗin tukunyar, in muka ɗora shi kan takarda mai da'irori.

Amma aikin da ya fi kwanta mini a rai shi ne na masu binciken filayen yaƙi. Su ba tukwane ne a gabansu ba. Tsinin kibiya, zoben sulke, ƙanƙarar bindigar toka, dunƙulen darma. Sai kuma taswira, don inda aka tsinci abu ya fi abin kansa magana. In kwansuna sun taru wuri guda, nan mai harbi ya tsaya. Inda darma ta baje, can ta sauka. Ka tuna 1903, da sojojin Turawa suka fasa Kano, sannan a Burmi Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya kwanta dama. Rahoton yaƙin da ya fi yawo na waɗanda suka ci ne. Su kuwa kwansuna ba ruwansu da wanda ya ci.

Kwanakin baya wani ya kawo mini tsinin mashi da ya karye, ya ce in ƙarasa masa shi a zane don ya yi kyau a littafinsa. Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ya ɓace da layi mai tsinke-tsinke ake nuna shi, don mai karatu ya san hasashe ne." Ransa ya ɓaci, ya kwashe kayansa bai ko yi sallama ba. Bayan sati biyu sai ga ɗalibinsa da mashin a cikin kwalin ashana babba, an naɗe shi da auduga. Na ba ƙaramin cikin yaran ya auna, ni kuma na fiƙe fensir.