Ranar da na ciro dala 20 a gidan mutane

Wata 7 ke nan da zuwana Yellowknife, can ƙuryar arewacin Kanada, inda a watan Disamba rana ke leƙowa wajen ƙarfe 10 ta koma kafin 3 da rabi. Sanyin ba na ma son maganarsa. Abin da ya hana ni barci kunya ce na kwaso da hannuna.

Akwai wani yaro da muke aikin dare tare a kanti, ɗan ƙabilar Tlicho ne, cikin mutanen Dene da Turawa suka tarar a ƙasar. Ya gayyace ni garinsu Behchoko, tafiyar kilomita kusan 100. Kakarsa ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta dafa shayi, sannan ta kwance wani ƙyalle ta ɗauko busasshen nama, bai kai tafin hannu ba, ta ajiye a gabana. Naman karibu ne, barewar ƙanƙarar nan mai ƙaho rassa-rassa da ke jikin kwabonsu na santi 25. Ita macenta ma ƙaho gare ta.

Ni kuma zuciyata na can kan maganar yanka, ina neman hanyar zillewa cikin raha. Sai na ce a garinmu wannan ai ɗanɗano ne mai kilishi ke bayarwa. Kamar hakan bai isa ba, na ciro dala 20 na ce a ƙaro mini in kai wa abokai. Wallahi ɗakin ya yi tsit. Tsohuwa ta dubi kuɗin, ta dube ni, ta ɗaure ƙyallenta ta tashi.

A mota yaron ya yi mini bayani, kuma rashin faɗan da bai yi ba ya fi ci mini rai. Garken da kakanninsa suka rayu a kansa, wanda ake kira Bathurst, ya kai kusan 470,000 a 1986. Ƙidayar 2021 ta samu 6,200 da 'yan kai. Tun 2015 aka haramta harbin ko guda a yankin da garken yake. Naman da na raina, kawunsa ne ya yi kwanaki kan babur ɗin ƙanƙara zuwa wani garke mai nisa, aka raba gida-gida, tsofaffi a gaba. Daga rabonta ta yankar mini.

Abin da ya tsaya mini shi ne ba su naɗe hannu suna jiran gwamnati ba. Tun 2016 gwamnatin Tlicho, don suna da tasu tun 2005, take tura dattawa da maharba da samari su yi makonni a bakin tafkin Kokètì da bazara. Da ƙafa da jirgin ruwa suke bin ekwǫ̀, haka suke kiran karibu. Suna duba ko ta yi ƙiba, 'ya'ya nawa ke bin iyaye, kyarkeci nawa suka gani, ƙudaje sun dame ta ko iska ta kore su. Su rubuta, a kai gaban hukumar kula da namun dajin yankin, wadda rabin wakilanta su ne ke zaɓa, a aza kusa da lissafin masu ƙirga ta jirgin sama. Maharbi ya zauna yini guda kan dutse yana kallon nama bai harba ba! Dalilin raguwar kuwa kowa da nasa: wasu ma'adinan lu'ulu'u da titin ƙanƙarar da manyan motoci ke bi, wasu ɗumamar yanayi. Dattawa kuma su ce an daina girmama ta ne. A wurinsu ko da sanda ba a dukanta, in an yi sai ta ƙaurace wa mutane.

Ni da ya kamata in fi kowa ganewa. Shanun Baba 23 ne a hannun Fulanin da ke bayan garinmu, kowace da sunanta. Ina yaro na ga yadda gonaki suka cinye burtali taƙi-taƙi, har saniya ba ta wucewa sai ta taɓa dawar wani. Sauran kuma ɓarayin dajin Rugu suka kora a dare ɗaya. Baba bai yi kuka ba, amma har yau igiyar maraƙi na rataye a zaurensa, kuma wanda ya taɓa ta ya san sauran.

Na kira gida ranar Juma'a. Inna ta ce, “Kai da na haifa, ka biya kuɗin abincin da aka ba baƙo? A gidan wa ka koyo?” Baba ya karɓi wayar, shi ba ta kunyata yake ba. Tambayarsa ita ce wa ke kora karibun zuwa mashaya. Na ce ba mai kora, Baba, su ke bin hanyarsu, mutane kallo kawai suke suna tsare musu hanyar. Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke, sai ya ce in tambaya ko da sauran burtalin nasu.

Inna ta ce za ta ba wani mai tahowa Toronto kilishi da yajin daddawa in kai wa tsohuwar. Na gaya mata ba a shigo da nama ta filin jirgi, ta ce to yajin. Tana kuma tuna mini kuɗin makarantar Auta kafin ƙarshen wata.