Ɗan yayata da ya daina magana

Shekararsa 19 lokacin. Sau biyu yana zana JAMB maki bai kai ba, abokansa duk sun wuce, wani BUK wani ABU wani har ya shiga aji biyu, shi kuma yana gida. Yaron da in ya shigo sai an ce don Allah ka bar mu mu ji da kunnenmu, sai ga shi ya koma ɗaki, barci har azahar, a kai masa abinci a dawo da kwano yadda aka kai shi, ƙwallon ma da yake bala'in so ya daina fita. Ana cikin haka Yaya ta tsinci fankon tiramol a aljihun wandonsa wajen wanki.

Nan fa gida ya hargitse. Babansa ya ce sangarta ce kawai, Gwaggo ta ce sammu ne a nemo rubutu, wani ɗan uwa ya ce a kai shi gidan mari ya yi wata shida zai dawo hayyacinsa. Da na ji wannan wallahi gabana sai da ya faɗi, don ban manta Rigasa ta Kaduna ba a Satumbar 2019, da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida irin wannan, wasu da sarƙa a ƙafa, har da ƙananan yara. Nasiha kuwa ya sha ta, kowa ya zo sai ya zaunar da shi awa guda, shi kuma kai a sunkuye, "to", "in sha Allahu zan gyara", a tashi a koma gidan jiya.

Ni na matsa aka kai shi wajen wata malama da ta karanci kaunselin, wato sauraron masu damuwa da ba su shawara. Muna zama ta ce "Hajiya, Malam, ku ɗan ba mu wuri." Yaya ba ta ji daɗi ba, a mota har cewa ta yi wane sirri ɗan da na haifa zai yi da bare. Amma sirrin nan shi ya buɗe bakinsa. Daga baya shi da kansa ya ba ni labari, ya ce Kawu ka san me ta fara ce min? Ta ce duk abin da ka faɗa a ɗakin nan a nan zai tsaya, sai dai in na ga za ka cutar da kanka ko wani, to shi kam dole in faɗa kuma kai zan fara sanarwa. Sannan ta yi shiru. Ya ce sun daɗe ba mai cewa uffan, ba ta duba waya ba, ba ta ce masa ka ji tsoron Allah ba, ƙarshe shi ya gaji ya fara magana, yana farawa kuma sai kuka.

Maganar ƙwaya ba ta ce ka daina ba. Tambayarsa ta yi me take yi maka, ya ce tana sa shi ya manta. Ta ce to me take ƙwace maka. Sai ta ce daga 0 zuwa 10 nawa kake son rabuwa da ita, ya ce 4, ita kuma maimakon ta ce haba 4 kawai, sai ta ce me ya sa ba ka ce 1 ba? Kun ga yanzu shi ne zai zauna yana lissafo dalilan da suka sa yake son bari, da bakinsa, yana jin kansa. Wannan salon wani masani ɗan Amurka William Miller ya fara rubutu a kansa a 1983 kan mashaya giya, kuma ni a ganina ya fi dacewa da matasa fiye da kowa, don matashi in ka tura shi gabas ko yana son gabas ɗin sai ya yi yamma.

Ta kuma sa shi sayen ɗan littafin rubutu ya raba shafi biyu. Gefe ɗaya abin da zuciyarsa ke raya masa, irin "ni ba zan taɓa zama komai ba", ɗaya gefen hujja, wace shaida gare ka a kan haka, wace shaida ce ta ƙaryata. Na ga shafin, a ƙasa ya rubuta da ƙaramin rubutu wai shi ke gyara wa 'yan layinsu waya kyauta. Hanyar wani likitan ƙwaƙwalwa ce ɗan Amurka, Aaron Beck, tun shekarun 1960. Addu'a kuma ba ta raina ta ba ko kaɗan, cikin jadawalin da suka tsara ma abu na farko shi ne ya fita sallar asuba masallaci, ya karya kumallo, kar ya koma gado. Batun barci da ƙwayar kuwa wajen likitan ƙwaƙwalwa ta tura mu, ta ce ita ba ta rubuta magani.

Babansa ne ya fi wuya. Ta zaunar da shi ta ce Alhaji, gaban ƙwaƙwalwa da ke taka wa mutum birki ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, gemu ya fito amma ciki ana kan gini. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cikin yara 7 'yan shekara 10 zuwa 19 ɗaya na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, ba ɗanka kaɗai ba ne. Ta roƙe shi ya daina kiransa falo yana tsare shi da ido, ya riƙa ɗaukarsa a mota in zai je kasuwa, su yi hira suna kallon titi. Alhaji ya ce shi ubansa bai yi masa haka ba. Sai da aka yi sati uku kafin ya gwada, ranar ma hirar Kano Pillars kawai suka yi.

Ya koma wa ƙwayar sau ɗaya bayan wata biyu, ranar da ya ga hoton abokinsa na matirik, wato bikin rantsar da sabbin ɗaliban jami'a, a Facebook, amma wannan karon shi ya kira ni da daddare ya ce Kawu na sha. Yaya ta so ta fasa komai, malamar ta ce a kawo shi ranar Talata kamar kullum. Yanzu yana koyon gyaran waya a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ya sake cike fom ɗin JAMB, kuma har yanzu duk bayan sati biyu yana zuwa wajenta, shi kaɗai a adaidaita.