Tafiyata Daga Sakkwato Zuwa Inda Gishiri Ke Cin Ƙarfe

Shekara 14 ina aikin famfo a Sakkwato, kuma da ka tambaye ni kafin wannan tafiya, da na ce maka fayif ɗin ƙarfe ba ya mutuwa sai dai ɓarawo ya tone shi. Akwai gidan da maigidana ya ja wa ruwa a Runjin Sambo tun ina yaron shago mai miƙa sifana, har yau ruwa na bi ta ciki. Da wannan taƙamar na kama hanyar Ikko, bayan kawuna ya dame ni da waya cewa akwai aikin mako uku a wurin da suke gyaran ƙananan jiragen ruwa kusa da Apapa, kuma hannu ya yi musu kaɗan.

Motar albasa na bi, don direban ɗan unguwarmu ne, ya ce in dai zan iya jure wari, kujerar gaba tawa ce. Mun tashi bayan La'asar, hunturu ya kankama, leɓe duk ya tsage. Boɗinga, Shagari, Tambuwal, Jega, duk na san su kamar yunwar cikina. Daga Koko zuwa Yawuri barci ya sace ni. Tsakanin Kwantagora da Mokwa kuwa ramuka ba su bar kowa ya rintsa ba. A gadar Jebba na leƙa Kwara na ce a raina ai na ga ruwa, ashe ban ga komai ba. Muna wuce Ilori na ji riga ta fara manne mini a baya, faso da ke ƙafata ya yi laushi ba tare da na shafa mai ba. A Badun na ga abin da ya kamata ya zama mini gargaɗi: daga kan tudu, rufin kwanon tsohon gari gaba ɗaya ya yi ja wur da tsatsa, iya ganinka. Na ce mutanen nan ba sa canza kwano ne kawai. Kwana biyu muka yi kafin mu sauke kaya a kasuwar Mile 12.

Washegari Kawu ya kai ni wurin aikin. Ya fi shekara 20 a can, amma bakinsa bai bar Sakkwato ba. Aikin farko da aka ba ni mai sauƙi ne, in ja layin ruwa a kan gadar da jiragen ke jingina, wanda za a riƙa wanke kaya da shi da ruwan gishirin da injin ke zuƙowa daga ƙarƙashin gadar. Na yi shi yadda na saba: fayif ɗin ƙarfe mai rufin tutiya (wato zinc, ƙarfen nan mai launin toka da ake lulluɓe fayif da shi don kada ya yi tsatsa), na yanka masa haƙora, na naɗa tef, na ɗaura bawul ɗin tagulla mai kyau, na matse tam. Kafin Azahar na gama, ina jiran yabo.

Kawu ya zo ya tsuguna, ya shafa mahaɗar da ɗan yatsa, ya ce, "Ɗana, wanga aikin tudu na. Taho ka gani."

Ya ja ni bayan shago ya kifar da wani tsohon bokiti. Soket, elbo, yuniyon, noti, duk gawawwaki. Ya ɗauko wani bawul irin wanda na sa, daga waje lafiyarsa ƙalau, ya kankare shi da wuƙa. Maimakon ruwan ɗorawa, sai ga launi ja-ja kamar na ɗanyen nama. Ya ɗan ƙwanƙwasa shi a jikin ƙarfe, wuyan ya ɓalle ya marmashe kamar ƙuli-ƙulin da ya sha iska. Tagullar da muke saya haɗin jan ƙarfe ne da tutiya, in ji shi, ruwan gishiri kuwa tutiyar yake tsotsewa ya bar jan ƙarfen da ramuka kamar soso. Kana ganin abu da siffarsa, alhali cikinsa ya tafi.

Sai ya ɗauko guntun fayif da ke maƙale da wani bawul. Jikinsa da sauran kyau, amma daidai haƙoran da suka shiga tagulla ya cinye har ina hango rana ta ciki. Nan jikina ya yi sanyi, don ni da hannuna nake kankare rufin tutiyar duk lokacin da na yanka haƙora, in bar ƙarfe tsirara a wurin da ya fi siranta, sannan in haɗa shi da wani ƙarfen da ya fi shi ƙarfin hali.

Yadda Kawu ya warware mini shi, da tsohon batirin tocila ya yi misali. Ƙarfe iri biyu in sun taɓa juna cikin ruwan da ke ɗaukar lantarki, sun zama batir, kuma ɗayansu ne zai riƙa narkewa, kamar yadda gwangwanin batir ke hujewa in ya tsufa. Tutiya ce raguwa, sai alminiyom, sai baƙin ƙarfe, tagulla da jan ƙarfe suna sama da su. Ruwan teku kuwa kowace lita tana ɗauke da gishiri kusan giram 35, wato babban cokali biyu. Wannan shi ke sa abin da zai ɗauki shekaru a wurinmu ya faru a gurguje a can. Ya ƙara mini da wata da ban taɓa tunani ba: in dole ne a haɗa, to ƙaramin ya zama shi ne mai ƙarfin hali. Notin ƙarfe ɗaya tilo a jikin faffaɗan jan ƙarfe, duk cin a kansa zai taru.

Na tambaye shi, to jiragen fa, ga farfela ta tagulla, ga jiki na ƙarfe? Ya kai ni ƙarƙashin wani da aka ɗaga kan tudu. An ɗaure wasu dunƙule-dunƙule masu launin toka a jikinsa, duk sun zagwanye kamar sabulun da aka manta a ruwa. Tutiya ce zalla. Kawu yana kiran su ragon fansa, don an sa su ne musamman gishiri ya ci su ya ƙyale jirgin. Ba a yi musu fenti, in aka yi an kashe amfaninsu, kuma in sun cinye rabi sai a canza. Dabarar ta daɗe, tun 1824 wani masanin kimiyya, Humphry Davy, ya gwada ta a jiragen yaƙin Ingila masu rufin jan ƙarfe.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ruwan kansa. Ni da na saba da gulbin Rima, mai cika da damina ya janye da rani, sai ga ruwa yana hawa yana sauka sau biyu a rana. Na zauna ina kallon turakun gadar. Ashe ba ɓangaren da ke nutse ya fi lalacewa ba, wanda ke sama kaɗan ne, inda ruwa ke fantsama ya bushe, ya sake fantsama. Can tsatsa ke ɓarewa falle-falle. Ko sifanata da ba ta taɓa ruwa ba, kwana huɗu na bar ta a waje ta yi ja, iska kawai.

Ƙarfen nan mai ƙyalli da muke ce wa silba, wanda na ɗauka ya gagari tsatsa, shi ma suna suka tara. Akwai mai lamba 304, akwai 316 da aka ƙara wa wani sinadari, molibdenam, kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, shi ne ya fi jure gishiri. Da ido ba ka raba su, kuma a ganina nan ne ake yi wa baƙo sakiyar da ba ruwa a kasuwa. Ko 316 ɗin ma, in gishiri ya kwanta a ƙarƙashin washa inda iska ba ta shiga, sai ya yi ƙananan huji kamar na allura.

Na kwance aikina gaba ɗaya, ba wanda ya ce mini uffan, abin da ya fi zagi ciwo. Muka mayar da layin na baƙin fayif ɗin roba. Inda dole ƙarfe biyu su haɗu, muka raba su da roba, har notin sai da muka sa masa riga. Haƙora suka sha giris. Maƙallan ƙarfe kuwa muka goge su har suka yi fari, muka wanke gishirin da ruwan daɗi, suka bushe, sannan aka shafa fentin nan mai gwangwani biyu da ake gaurayawa. Fenti a kan gishiri asarar kuɗi ne, ta ƙarƙashi zai kumbura.

Da zan dawo, na roƙi Kawu ragon fansa ɗaya da aka cire, na jefa a jaka. A motar haya na dawo, ina isa Jega hancina ya sake bushewa.

Kwana biyu da sauka, na je gaida Inna a Mabera, ta ce tankinta na ɗiga. Ni na haɗa shi shekara 6 da suka wuce, kuma sau biyu ina canza guntun fayif ɗin da ke riƙe kan famfon, kowane karo ina tsine wa mai shagon da ya sayar mini. Na sa tocila na duba. Kan famfo na tagulla, guntun fayif na ƙarfe, tsatsa ta yi zobe daidai haƙora, sak wadda na gani a bokitin Kawu, sai dai tamu tana tafiya a hankali don ruwanmu ba gishiri sosai.

Na aiki yarona ya sayo soket ɗin roba. Ya tsaya yana kallona, ya ce, "Maigida, ba na ƙarfe ya fi ƙarko ba?" Na ce ya je ya dawo tukuna, in mun koma shago zan nuna masa wani abu da ke danne mini rasit a kan tebur.