Tarihin Rayuwata, Kashi na 6: "Ban da Gawo, Malam"

Makon jiya na tsaya a inda aka kwashe mu 'yan UPE, shirin gwamnati na ilimin firamare kyauta ga kowa, a 1976 aka zuba a aji. Na aji ɗaya da na biyu ban riƙe komai ba sai waƙoƙi da ƙurar alli. Abin da ya tsaya mini a rai a aji uku ya faru.

Malaminmu ya rubuta a allo cewa kowace bishiya da rani take kaɗe ganye, da damina ta yi sabo. Na ɗaga hannu na ce, "Ban da gawo, Malam." Bulala shida na sha, na yi durƙuso a rana har aka tashi. Laifina biyu, wai na yi wa malami musu, kuma na yi Hausa a aji.

To ni a gindin gawo na tashi. Uku ne a gonar Kaka ta hanyar Maigatari. Ruwa na sauka sai su yi tsirara, rana ta samu geron da ke ƙasansu, ganyen da ya zuba ya zama taki. Da rani kuwa su yi kore shar, shanu su kwanta a inuwa su bar kashi, mu kuma mu tsinto wa awaki 'ya'yan. Zangarniyar gindin gawo ko makaho ya shafa ya san daban take. Da na kai ƙara da yamma, Kaka bai ko ɗago daga igiyar da yake tufka ba, ya ce, "Wanda bai san sunan abu ba, ba ya jin zafin sare shi."

Sai da na girma na ji cewa saiwar gawo tana ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, kuma tun zamanin da sarakunan Damagaram sun hana a sare shi. Ranar da na karanta haka, wallahi tafin hannuna na duba.

Allah ya saka wa Malamar aji biyar. Ita ce ta ce kowa ya zo da ciyawa daga gonarsu. Muka cika tebur da ƙarangiya, harkiya, gamba da tafasa, ta sa muka rubuta sunan kowace da amfaninta, da Hausa tukuna. Ni ƙuduji na kawo, da tushen dawar da ya maƙale wa, na nuna yadda yake shanye ta tun kafin ya fito da jan furensa. Ta sa aka tafa mini. Amma bulala shidan nan tafi bai goge ta ba.

Bayan rasuwar Kaka, Kawu ya sayar wa masu itace gawo biyu daga cikin ukun nan, ina makarantar kwana ba wanda ya gaya mini. Shi Kawu ya san sunan gawo sarai, abin da har yau na kasa daidaitawa da maganar Kaka ke nan. Rigimar gonar sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.